Wa ya fi iya hana naushi taɓa shi a tarihin damben boksin?

Duk inda masu bin damben boksin suka zauna musu a kan wanda ya fi kowa iya kare kansa, sunan Floyd Mayweather ne ke fara fitowa, kuma hujjar ba ta wuce ɗaya: ya yi wasa 50, ba a taɓa cin sa ba. Hujja ce mai nauyi, sai dai ba ita aka tambaya ba. Rocky Marciano ma ya yi wasa 49 bai faɗi ko ɗaya ba, alhali shi mutum ne da yakan yarda ya sha biyu don ya samu ya kai ɗaya. Rashin faɗuwa daban, iya kariya daban.

Kafin a jera sunaye, sai an san abin da ake aunawa. Kariya a boksin hawa huɗu ce. Na farko ƙafa, wato tazarar da ɗan dambe ke ajiyewa tsakaninsa da abokin karawa da kuma kusurwar da yake tsayawa. Na biyu kai da ƙugu: gocewa, sunkuyawa, ja da baya. Na uku hannu da kafaɗa: tarewa, kaɗewa, rufe fuska. Na huɗu cakumewa, a rungume mutum a ɗaure masa hannuwa har alƙalin wasa ya raba. Wanda ya san damben gargajiya ya san aikin hannun garkuwa, wanda ake miƙawa gaba don auna tazara da tare mashin abokin karawa. A boksin hannun gaba yana yin wannan aikin, sai dai shi ma yana duka. Gwani na gaske yana da hawa huɗun duka, idan aka keta ɗaya sai a tarar da na bayansa.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi waɗannan muhimmanci. Kaucewar da ta bar ka nesa, inda hannunka ba zai kai ba, gudu ce kawai. Masu horarwa a Amurka suna nanata wa yaransu cewa ka sa shi ya daki iska, sannan ka sa shi ya biya. Guillermo Rigondeaux na Kuba, mai zinare biyu a gasar Olamfik ta 2000 da 2004, ya nuna fuskokin nan biyu. A 2013 ya wahalar da Nonito Donaire, yana gocewa yana mayar da martani da hagu. A 2021 kuwa, da John Riel Casimero, zagaye dandali ya yi ta yi turmi 12, 'yan kallo na ta ihu, alƙalai suka ba wa Casimero. Ba a taɓa shi sosai ba, amma bai ci komai ba.

Alƙaluman CompuBox, tsarin ƙidayar naushin da aka jefa da wanda ya shiga, da ake yawan kafa hujja da su, suna da amfani amma da iyaka. A 1985 aka fara su, don haka duk wanda ya yi zamani kafin nan ba ya ciki. Mutum biyu ne ke zaune gefen dandali suna latsa maɓalli, kowa na bin ɗan dambe ɗaya, kuma lissafin ba ya bambance naushin da ya goga a kafaɗa da wanda ya girgiza ƙwaƙwalwa. Safar hannu ma ta canza. Yanzu oza 8 ake sawa a ƙananan azuzuwa, oza 10 a manya, kuma safa mai kauri tana rufe fuska kamar ƙyaure. Da irin wannan ƙyauren Winky Wright ya hana Félix Trinidad sakat a 2005. A zamanin da safar ke da ƙanƙanta, naushi yana ratsa tsakanin hannuwa, dole mutum ya dogara da ƙafa da kai. Ga shi kuma wasan kambu turmi 15 ne a da, sai bayan mutuwar Duk Koo Kim a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Turmi ukun nan na ƙarshe su ne inda ƙafa ke mutuwa, asirin kariyar mutum ya tonu.

Da wannan ma'auni, akwai manyan sunaye da ba za su shiga sahun farko ba. Muhammad Ali na shekarun 1960 yana sauke hannuwa ya ja kansa baya a miƙe, abin da kowane mai horarwa ke hana ɗalibi, don naushin ƙugiya na hagu yana bin mai ja da baya har ya cim masa. Saurinsa ne ya rufa masa asiri, kuma ko a lokacin Henry Cooper ya kai shi ƙasa da wannan naushin a 1963. Da ƙafa ta rage, Joe Frazier ya kai shi ƙasa da shi a turmi na 15 a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Jingina da igiya da ya yi wa George Foreman a Kinshasa a 1974 dabara ce da juriya, amma jikinsa ne ya shanye dukan. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun ajin masu nauyi a 1908, gwani ne wajen cafke naushi a iska da ɗaure hannuwan abokin karawa, sai dai 'yan damben zamaninsa ba sa jero naushi huɗu ko biyar a jere kamar na baya.

Sahun farkon mutum shida ne, za a jero su daga ƙasa zuwa sama. James Toney shi ne na shida, kuma shi ya fi kowa iya kariya a ƙirji da ƙirji. Ba ya yawo. Yakan jingina da igiya, ya karkata jiki, ya bar ka ka zo, yana juya kafaɗa yana nutsewa gefen dama, ya dawo maka da dama ta ƙasa. Ya faro daga ajin kilo 72, inda ya ƙwace kambu hannun Michael Nunn a 1991, ya haura har ajin masu nauyi ya tsayar da Evander Holyfield a turmi na 9 a 2003. A wasa sama da 90 ba a taɓa tsayar da shi ba, ko da ya gamu da Samuel Peter na Najeriya sau biyu, a 2006 da 2007, mutumin da ya fi shi girma da ƙarfin hannu nesa ba kusa ba. Peter ya ci duka biyun da maki. Abin da ya rage wa Toney matsayi shi ne hawa na farko. Wanda ya ƙi shigowa, ya tsaya daga nesa yana harbi yana ficewa, ya gama da shi. Haka Roy Jones ya yi masa a 1994.

Na biyar Wilfred Benítez na Puerto Rico, wanda ake wa laƙabi da El Radar saboda kamar yana ganin naushi tun kafin a sake shi. Yana ɗan shekara 17 ya karɓe kambun ajin kilo 63 hannun Antonio Cervantes a 1976, kuma har yau ba a samu zakaran duniya mai ƙarancin shekaru kamarsa ba. Wanda ke son ganin gocewar kai zalla ya nemi karawarsa da Thomas Hearns a 1982: bayansa na jikin igiya, hannuwa a ƙasa, Hearns na jero naushi, shi kuwa kai kawai yake matsarwa da ɗan taƙi, safar na wucewa ta gefen kunne. Ya ci Roberto Durán a farkon shekarar ta 1982. Amma baiwa ce ya dogara da ita, an san shi da ƙin atisaye, kuma kariyar da ta tsaya a kan saurin ido ba ta da abin jingina ranar da idon ya rage. Kafin ya cika 30 ya fara shan dukan da a da ba ya samun sa, daga baya ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani.

Nicolino Locche na Ajantina, na huɗu, shi ne ya fi ban mamaki a kallo. Mutum ne mai sanƙo da ɗan tumbi, mashayin sigari na gaske, ba wanda zai gan shi a titi ya ce ɗan dambe ne. A gidan wasa na Luna Park da ke Buenos Aires ana kiransa El Intocable, wato wanda ba a taɓawa. Yakan sauke hannuwa, wani lokaci ma ya kai su baya, ya miƙo fuska gaba. Wannan ba tsokana ba ce kawai. Idan ka tura kanka gaba da inda nauyinka yake, abokin karawa zai auna tazara da fuskar, kai kuwa kana da sararin ja da baya na kusan taƙi guda ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Naushin ya ƙare a iska, mai shi ya zarce, kai kana nan tsaye daram. A watan Disamba 1968 ya je Tokyo ya yi wa Takeshi Fuji haka, mai riƙe da kambu kuma mai hannu da nauyi, har Fuji ya ƙi tashi daga kujera a turmi na 10, fuskarsa a kumbure, ya gaji da dukan iska. Matsalar Locche ita ce sa abokin karawa ya biya bayan ya daki iska. Cikin nasarori 117, 14 kaɗai ya gama kafin lokaci, kuma ya yi canjaras 14. Akasarin wasanninsa ma a gida ya yi su. Da gocewa kaɗai ake aunawa, da shi ne na ɗaya ba musu.

Yanzu a dawo ga Mayweather, na uku, don salonsa ne aka fi kwaikwaya kuma aka fi ɓatawa. Salon kafaɗa ne, wanda ake dangantawa da 'yan damben Filadelfiya irin su George Benton, shi kuma ya gada wurin mahaifinsa da baffansa Roger. Ga mai hannun dama tsayuwar ita ce: jiki a karkace, kafaɗar hagu na fuskantar abokin karawa kuma a ɗage ta rufe haɓa, hannun hagu a kwance bisa ciki yana tsare haƙarƙari, hannun dama a gefen kunci, nauyi a ƙafar baya. Naushin gaba idan ya zo, tafin dama ne ke kaɗe shi. Ƙugiyar hagu ta zo, damtsen dama ya tare. Idan kuwa dama ce miƙaƙƙiya, a nan sirrin yake: sai a juya ƙugu zuwa dama, naushin ya goga a kafaɗa ya zarce, kuma wannan juyin shi ne ya ɗana hannun dama kamar baka, sai a sake shi nan take kafin wancan ya janye nasa hannun. Kariya da hari a motsi ɗaya.

Salon yana da ƙofofi uku da ake shiga ta cikinsu. Bahago, saboda hagunsa miƙaƙƙiya na zuwa ta gefen ƙirji inda kafaɗa ba ta rufe ba. Zab Judah ya wahalar da Mayweather a turmin farko-farko a 2006, har sai da ya ɗaga hannuwa biyu ya koma tafiya gaba. Sai dama mai zagayowa ta sama, wadda ke tsallake kafaɗa ta sauka a bayan kunne, irin wadda Marcos Maidana ya yi ta jefawa a 2014 bayan ya matse shi a igiya. Sai yaudara: a kai naushin gaba a ciki don ido ya sauka, a biyo da dama a sama. Da wannan Shane Mosley ya lanƙwasa masa gwiwa a turmi na 2 a 2010, kuma abin da ya cece shi hawa na huɗu ne, ya cafke hannun Mosley ya riƙe gam har kansa ya washe. Masu kwaikwayo kafaɗar suke gani, ba sa ganin ƙafar. Andre Berto ya gwada salon da Robert Guerrero, bahago, a 2012, ya faɗi sau biyu a turmi biyun farko, idanunsa duka suka kumbura. Adrien Broner ya tsaya cak a wuri ɗaya da shi a gaban Maidana a 2013, aka kai shi ƙasa sau biyu.

Alƙaluman Mayweather suna da ban tsoro. Juan Manuel Márquez ya jefa naushi 583 a 2009, 69 suka same shi. Manny Pacquiao ya jefa 429 a 2015, 81 suka shiga. Sau ɗaya tak alƙalin wasa ya taɓa yi masa ƙirgen wanda ya kai ƙasa a hukumance, a 2001 da Carlos Hernández, shi ma ciwon hannunsa ne ya sa ya dafa ƙasa. To me ya sa na uku? Saboda a rabin ƙarshe na rayuwar dambensa wasa ɗaya ko biyu yake yi a shekara, shi ke zaɓen wanda zai kara da shi da lokacin da za a kara, yana da watanni na nazarin mutum ɗaya. Kuma karawarsa ta farko da José Luis Castillo a 2002 ta nuna cewa mai matsa lamba da dukan jiki yana iya cin turmi da yawa a kansa. Har yau akwai masu ganin Castillo ne ya ci wannan wasa.

Na biyu, Pernell Whitaker, ɗan Norfolk a jihar Virginia, bahago ne, gajere, ya ci zinare a Olamfik na 1984, kuma George Benton ɗin nan ne ya horar da shi. Bambancinsa da Mayweather shi ne inda yake tsayawa. Whitaker yana zama a cikin tazarar da za a iya dukansa, da gangan, ya lanƙwasa gwiwa ya nutse har kansa ya kusa daidai da ƙugun abokin karawa, ya ɓullo ta wani gefen. Nutsewa irin wannan haɗari ce ga kowa, don mai sunkuyawa da ƙugu idonsa na komawa ƙasa, naushin da ke tasowa daga ƙasa ya same shi bai gani ba. Shi da gwiwa yake sauka, idonsa na kan ƙirjin mutum. Sannan naushin gabansa na dama ba ya hutawa, kuma ƙafarsa ta gaba kullum tana wajen ƙafar abokin karawa, wanda hakan ke sa damar wancan ta yi nisa, tasa hagun kuma ta samu hanya miƙaƙƙiya.

Kuma bai zaɓi masu sauƙi ba. Ya ci Azumah Nelson na Ghana da maki a 1990. Ya riƙe kambu a azuzuwa huɗu, daga kilo 61 zuwa kusan 70. A watan Satumba 1993 ya shiga filin Alamodome a San Antonio, gaban dubun dubatar magoya bayan Meziko, ya kara da Julio César Chávez wanda ya yi wasa 87 bai faɗi ba, mutumin da sana'arsa ita ce datse wa masu gudu hanya ya farfasa musu haƙarƙari. Whitaker bai tsaya ga zagaye ba. A tsakiyar wasan ya tsaya ƙirji da ƙirji, ya fi Chávez dukan jiki, ya riƙa juya shi yana barin sa yana kallon igiya. Alƙali ɗaya ya ba shi 115 da 113, biyu suka rubuta 115 da 115, aka ce canjaras. Kusan duk wanda ya kalla ba ɗan gida ba ya san wanda ya ci. Haka aka yi masa a Faransa a 1988, inda alƙalai suka ba wa José Luis Ramírez nasara, ya rama a shekara mai bi ba tare da wata gardama ba. A shekarun ƙarfinsa ba a samu wanda ya warware shi a dandali ba, sai dai a takardar alƙalai. Aibinsa ɗaya: son wasa da hankalin mutum. Yakan ɓata daƙiƙu yana burga bayan ya goce, maimakon ya duka, kuma alƙalai ba sa ba da maki don an ba mutum kunya. Wannan ya taimaka wajen faɗuwarsa a hannun Oscar De La Hoya a 1997.

Tsakaninsa da na ɗaya, Willie Pep, tazarar ba ta kai gashi ba, kuma wanda ya sa Whitaker a gaba bai yi laifi ba. Abin da ya rinjayar da ma'auni zuwa ga Pep shi ne yawa. Sunansa na yanka Guglielmo Papaleo, ɗan Italiyawa 'yan ci-rani a jihar Connecticut, ɗan ajin kilo 57. Ya yi wasa 241, ya ci 229. Ya ci 62 na farko a jere, ya ɗauki kambu hannun Chalky Wright a 1942 yana ɗan shekara 20, ya faɗi sau ɗaya hannun Sammy Angott wanda ya fi shi nauyi, sannan ya sake yin wasa 73 ba a ci shi ba. Mutumin da ke hawa dandali sau biyu ko uku a wata ba shi da lokacin nazarin kowa, kuma ba shi da damar warkewa idan aka fasa masa gira. Dole kariyarsa ta yi aiki a kan kowane irin salo, a kowane dare.

Ƙafa ce makaminsa. Yakan taka kamar zai bi hagu, da abokin karawa ya juya nauyinsa can sai ya ɓalle dama, ya dafa gwiwar hannun mutum ya tura shi ya wuce, ya bayyana a bayansa. Kafin wancan ya waiwayo an sakar masa uku. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa ya ci turmi na 3 a karawarsa da Jackie Graves a 1946 ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Rahoton jarida na washegarin wasan ya nuna an yi musayar duka a wannan turmin, don haka a bar shi a matsayin almara. Gaskiyar da ta fi almarar ita ce a watan Janairu 1947 jirgin sama ya faɗi da shi, ya karye a ƙafa da ƙashin baya, aka ɗauka ya gama dambe, cikin wata shida ya dawo yana cin wasa. Tsufa ne ya kawo shi hannun Hogan Bassey, ɗan Kalaba kuma ɗan Najeriya na farko da ya zama zakaran duniya, wanda ya tsayar da shi a turmi na 9 a Boston a 1958, lokacin Pep na da shekara 36.

Masu sukarsa suna da hujja ɗaya, kuma babba ce: Sandy Saddler. Dogo ne siriri mai hannu kamar guduma, wanda ya yi bugun kwaf ɗaya sama da 100, ga iya murɗe hannu da danne wuya a cakume. Sun haɗu sau huɗu, Saddler ya ci uku, duka kafin lokaci. Ya gano cewa mai dogaro da ƙafa ba a bin sa, riƙe shi ake yi. A 1950 kafaɗar Pep ce ta goce ya kasa fitowa, a 1951 wasan ya rikiɗe kokawa da taɗiya, Pep ya haƙura da ido a fashe. Duka huɗun bayan hatsarin jirgin aka yi su. A karawa ta biyun kuwa, a Madison Square Garden a watan Fabrairu 1949, wata uku da 'yan kwanaki bayan Saddler ya shimfiɗe shi a turmi na 4, Pep ya koma gaban mutumin da ya san zai iya kashe shi da hannu ɗaya, ya yi turmi 15 yana shiga yana fita, jini na zuba daga girarsa da kuncinsa a turmin ƙarshe-ƙarshe, Saddler na neman sa yana samun inuwa, alƙalai uku duka suka mayar masa da kambunsa.